Ranar da Saniya Ta Yi Shiru

A bakin kamfani sunanta Tasha ta Uku. Mutanen fadama kuwa Saniya suke ce mata, saboda kukanta. Ni nake tashinta, ni nake kwantar da ita, daga wani ɗaki mai sanyi a cikin garin Haɗeja, amma har ranar da zan ba ku labarinta ban taɓa ganinta da idona ba.

Aikinmu ba shi da wuyar faɗa. Bututun mai ne ya ratsa ta ƙarƙashin fadama ya yi gabas, shi kuwa mai ba ya tafiya da ƙafarsa, sai an tura shi. Don haka aka dasa tashoshi a kan hanya, kowacce da manyan injuna masu ingiza shi gaba. A da kowace tasha da ma'aikatanta, a gindin inji suke wuni. Yanzu an tattara tashoshin duka an zuba su a allon kwamfuta, an ɗora mutum ɗaya a kujera yana kallo. Idan inji na aiki ɗigonsa kore ne, idan na danna na kashe shi sai ya koma ja. A can wajen Saniya ba a bar kowa ba sai mai gadi, Malam Garba, da oba-obar da muke magana da shi ta ciki, da wata kyamara da tsuntsu ya yi wa sheƙa a ido tun farkon damina. Na yi ƙorafi har na gaji, aka ce sai ruwa ya janye.

Za ku ce me ya hana ni zuwa in gan ta. Ruwa ne. A Haɗeja aka haife ni, garin da yaro ke iya iyo tun bai iya ɗaura zariya ba, amma ni ko kwata na gani sai na kewaye ta. Mahaifiyata, wadda kowa ke kira Sista Naomi, aikin ungozoma ne ya kawo ta daga kudancin Kaduna tun tana budurwa, kuma ta shiga kwale-kwale fiye da yadda ta shiga mota. Ta yi ritaya, amma ba wanda ya gaya wa masu ciki. Takan dube ni ta ce da ba ita ta karɓi haihuwar rabin garin nan ba, sai ta rantse an musanya mata ni a asibiti.

Tunda ban gan ta ba, sai na ƙera tawa Saniyar. Da rana idan sanyin ɗakin ya kama ni, allon ya soma yi mini kamar kududdufi, nakan gan ta tsaye cikin ruwa har gwiwa, fara tas, ƙahonta sun kusa taɓa gajimare, belbelu sun jeru a bayanta. Ba ta kiwo, ba ta kora ƙuda, kuka kawai take yi a hankali, bado na buɗewa a kewayenta. A ƙasan allon akwai wani siririn layi da ke nuna girgizar injin, yana rawa kullum. Shi nake ɗauka numfashinta. Wani lokaci har sannu nake yi mata, idan na tabbata ba kowa a ƙofa.

Mama ce ta gaya mini amfanin kukan. Muna tsinken zogale wata Lahadi bayan coci ta ce, "Ke ba ki san kacala ba, shi ya sa. Ciyawa ce ta fi mutum biyu tsawo. Idan ambaliya ta zo, hanyar jirgi a cikinta kamar lungu take, kuma iska na bugawa lungun jiya ya rufe, wani ya buɗe. Ba ka ganin bishiya, ba ka ganin tudu. Idan rana ta ɓuya, sai kunne. Mai tafiya ya bar kukan Saniya a bayansa, mai dawowa ya sa shi a goshi. Yaran yanzu ma ba su san wata dabara ba sai ita."

Na kai wa shugabana maganar, Injiniya Abdulfattah. Bai yi mini dariya ba, mutumin kirki ne. Ya ce tsarin nan an yi shi ne don bututun da ke ratsa daji da rairayi, inda ba mai sauraron inji sai ƙadangare. Ya ce zai kai maganar sama. Saman nan kuwa na lura ba abin da ke saukowa daga cikinsa.

Ranar da abin ya faru, tsakiyar damina ce, ruwa ya shanye hanyoyin fadama tun daga Auyo har bayan Kirikasamma. Da hantsi oba-oba ta yi ƙara.

"Malama Dibora, kina kusa?"

"Ina ji, Malam Garba. Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Sista ce ta wuce yanzu a jirgin Baba Kolo, haihuwa ce a ƙetare. Ta ce ki jiƙa wake in kin tashi, bayan la'asar tana hanya."

Baba Kolo tsoho ne, shi ke tuƙa Mama tun ina goye. Idonsa ya yi rauni, amma yakan ce idon mai jirgi a kunnensa yake. Ban damu ba. Na ci gyaɗata, na kalli ɗigona kore, na koma wajen farar saniyata.

Bayan la'asar Malam Garba ya sake kira ya ce hadari ya haɗo a gabas, baƙi ƙirin, rana ta shige. Ina cikin amsa masa idona ya faɗa kan wata lamba a allon. Matsin mai ne tsakanin Tasha ta Uku da ta Huɗu, wato daidai inda bututun ya bi ta ƙarƙashin ruwan fadama. Lambar tana sauka. Ba da gudu ba, a hankali, kamar tulu mai tsaga.

Abu biyu ne ke kawo haka. Ko ma'aunin ya lalace yana ƙarya, ko bututun ya fashe mai na fita. Daga kujerata ba yadda za a yi in bambance. Doka kuwa ɗaya ce, tun ranar farko ake cusa mana ita: a kashe inji, a rufe bawul, a yi tambaya daga baya. Kowane bugu da injin ya ƙara, idan fashewa ce, mai yake ɗura wa kogi.

Na kira Mama, ko da yake na san babu sabis a cikin kacala. Na kira Injiniya, yana kan hanyar Kano, muryarsa na yankewa.

"Yallaɓai, matsi na sauka bayan ta Uku."

"To me kike jira?"

"Mama na cikin kacala. Hadari ya rufe rana. Da kukan injin suke dawowa."

Layin ya yanke, ya dawo. Sannan ya ce, "Dibora, ke ce a gaban allo. Ni ba na ganin abin da kike gani."

Wallahi na ji haushinsa. Na so ya daka mini tsawa ya ce kashe, in kashe, in samu wanda zan tsana. Sai ya miƙo mini kayana ya ci gaba da tuƙinsa. Gaba kura, baya sayaki, kuma kurar da sayakin duk a ƙarƙashin yatsana suke.

Na soma ciniki da kaina. Na ce bari in ɗan ƙara mata lokaci, wata ƙila sun kusa. Na ce ai ma'aunin nan ya taɓa yin ƙarya. Na rufe ido don in daina ganin lambar, sai ga saniyata tsaye a inda take. Amma ruwan da ke gwiwarta ya sauya. Wani maiƙo ne ke yaɗuwa a kansa mai launin bakan gizo, kyakkyawa har ya ba ni tsoro. Ya lallaɓa ya shiga gonakin shinkafa, ya bi ta cikin komar masunta, tarwaɗa da karfasa suka juyo da fararen cikinsu sama. Ya isa bakin gaɓa inda mata ke ɗiban ruwan wankan jego. Duk jariran da Mama ta karɓa a fadamar nan, da iyayensu, wannan ruwan suke sha.

Na buɗe ido. Na kashe injin farko, na kashe na biyu, na rufe bawul. Ɗigon ya koma ja. Siririn layin nan ya yi rawa kaɗan, ya kwanta ya miƙe sambal. Ban taɓa jin ɗakin ya yi sanyi haka ba, kuma na ji kamar da hannuna na hure fitilar da uwata ke bi.

Akwai jiniya a tashar, daga nan ma ina iya kunna ta, kuma ƙararta ta fi ta injin nisa. Har na kai hannu. Sai na tuna sanarwar da kamfani ya sa aka yi ta yi a gidan rediyo da kasuwanni: duk wanda ya ji jiniya, ya juya wa tasha baya ya yi nesa da ita. Da muryata ma aka naɗi sanarwar, don an ce Hausata ta fi fita. Baba Kolo mutum ne mai bin doka. Da na kunna, da ƙarfinsa zai tura jirgin cikin tsakiyar kacala.

"Malam Garba, ka samu wani abu ka buga. Ko me ne, ban da bututu."

Ya ɗauko bokitin alwalarsa ya yi ta dukansa. Ta oba-oba ma da kyar nake jin sa, don ruwa ya riga ya sauko a kan kwanon rufi. Ya ce, "Malama, wannan ko akuyar da ke bayan shinge ba ta waiwayo ba."

Ana haka na ji wata murya ta mace tana faɗa a bayansa, aka yi kokawar oba-oba, ta ƙwace.

"Ke ce mai Saniyar?"

"Ni ce, Inna."

"Ni Barira ce, nan tudun nake. Wa ya ce ki kwantar da ita da hadari a ka? Sistarmu na ciki, Kolo na ciki, masunta ma ba su gama fitowa ba."

Na gaya mata dalili, na gaya mata Sistar uwata ce. Ta ja numfashi.

"Ashe ke ce 'yar da ke tsoron ruwa. To ba za ta tashi ba ke nan?"

"Ba za ta tashi ba, Inna. Sai an duba."

"Allah ya kyauta. Muna yara, in mutum ya ɓata a ruwa, daka iyayenmu ke yi masa har ya fito. Rabon da a yi tun kafin a kawo abin nan naku. Ban san ko zai ratsa ruwan sama ba. Ke dai ki ce wa wannan ya buɗe mana ƙofa, ƙasa duk ta zama taɓo, turmi ba ya amo a taɓo. Simintinku muke so."

Doka ta hana kowa shiga harabar tashar. Na ce wa Malam Garba ya buɗe, in an tambaya ya ce ni ce. Na ji Inna Barira tana kiran mata da sunayensu, tana cewa kowacce ta zo da shinkafarta.

"Shinkafa kuma, Inna? Ba ƙarar kawai ake so ba?"

"A garinku ana dakan turmi wayam? Yunwa kike so mu kira wa tudun nan?"

Na san abin da take nufi da shinkafarta. Lokacin ne da rumbu ya yi ƙasa, sabuwa ba ta nuna ba, abin da ya rage a tukunya shi ake lallaɓawa har kaka. Na buɗe baki zan yi magana, oba-oba ta yi wani tari ta mutu. Ruwa ya shiga batirin, ko cajin ya ƙare, oho.

Shi ke nan aka bar ni da allo. Ba murya, ba hoto, sai jan ɗigo da miƙaƙƙen layi. Na yi addu'ar da na iya, na yi wadda ban iya ba. A waje ruwan ya iso gari, ina jin masu shago suna janye kayansu.

Can sai layin ya motsa. Ɗan tsalle ɗaya, ya kwanta. Wani tsallen. Na duba ɗigon, ja ne, injin a kashe yake. Sai na gane: turamen a kan simintin da injin ke zaune suka jera su, ƙarƙashin rumfar kwano, na'urar da ke jin girgiza kuwa ba ta san bambancin inji da taɓarya ba. Tsallen ya zama biyu, ya zama da yawa, ya daidaita, ɗaya na bin ɗaya.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallonsa ba. Ɗakin ya ɓace mini. Na ga kaina a cikin kacala, ni da ban taɓa shiga jirgi ba, ciyawa ta rufe sama, ruwa na sauka a kan lemar Mama mai karyayyen ƙarfe. Na ga Baba Kolo ya tsayar da gorarsa, ya karkata kai. Na ga ƙarar dakan tana tahowa a kan ruwa kamar agwagi a jere, tana shiga lungu tana fita, tana neman su. Wani lokaci iska ta kwashe ta ta kai wani wajen. Duk sanda layin ya yi rauni sai in ce hannuwansu sun gaji. Sai ya sake ɗagowa, in ce wasu sun karɓa. Na nemi farar saniyata a wurin, ban gan ta ba. Mata ne kawai tsaye a jiƙe, zannuwa sun manne musu, suna ɗaga taɓare.

Gab da magariba Usman ya shigo, wanda ke karɓar aiki daga hannuna, yana karkaɗe ruwa daga hularsa. Na gaya masa komai a tsaitsaye. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, bai ce in tafi gida ba.

Muna kallo sai bugun ya rikice. Ya yi sauri, ya riƙa tsallake wuri, a yi uku a jere a bar gurbi, a sake. Na kama hannun kujera.

"Wani abu ya faru. Usman, sun rikice."

Ya matso da fuskarsa, yana kaɗa yatsa a kan tebur yana bin layin. Shi ɗan ƙauye ne, a gindin turmi ya girma.

"Ba rikicewa ba ce. Lugude ne. Gurbin nan da kike gani, nan ne suke cilla taɓarya sama su tafa." Ya ɗan yi murmushi. "Ni dai ban taɓa ganin an yi lugude da baƙin ciki ba."

Jim kaɗan layin ya kwanta, bai sake tashi ba. Maganar Usman ita ce kaɗai abin da na tafi gida da shi, kuma ba ta ishe ni barci ba.

Washegari da sassafe masu gyara suka shiga fadama. Wajen azahar Injiniya ya kira ni ya faɗi abin da suka gano, ya ƙara da cewa kowa ya fito, har masuntan. Ban gama ajiye wayar ba na ji ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gida. Mama ta shigo da jakarta a kafaɗa, ƙafafunta sun yi fari fat don jiƙa, sauro ya yi mata kaca-kaca da fuska, tana rungume da wata ƙwarya an rufe da faifai. Na tashi zan rungume ta, ta miƙo mini ƙwaryar.

"Karɓi, in ji Barira. Ta ce rabonki ne."

Na buɗe. Gari ne, laushi kamar kwalli, da ɗan dusa a ciki.

"Shinkafar tudun ke nan gaba ɗaya," in ji Mama. "Sun daka ta har ta wuce tuwo. Kunu za su yi ta sha har kaka."

Ta zauna a kan tabarma, na kawo ruwan ɗumi na sa ƙafafunta a ciki. Ta ce namiji aka samu, uwar lafiya. Ta ce sun yi ta zagaye wuri ɗaya, ruwa ya kusa cika jirgin, da kwanon awon magani ta riƙa kwarfewa. Ina durƙushe ina cuɗa mata ƙafa, na kasa ɗaga kai.

"Da Saniya ta yi shiru," ta ce, "Kolo ya ce lalacewa ta yi. Na ce masa a'a, ba ta lalacewa haka farat ɗaya. 'Yata ce ta kashe ta. Kuma ta san ina ciki."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Mama…"

"An samu fashewar?"

"Babu. Ruwa ne ya shiga ma'aunin. Ko ɗigon mai bai fita ba."

Ta daɗe tana kallon ƙwaryar garin. Ina jira ta ce ashe a banza, don ni tun da Injiniya ya kira abin da nake faɗa wa kaina ke nan. Sai ta ciro ƙafa ɗaya daga ruwan ta miƙo mini ɗayar.

"Ko gobe aka sake, ki kashe," ta ce. "Kin ji ko?"

Na ce na ji. Gaskiya ban so jin haka ba. Na so ta ce mini ita ta fi kogin daraja, ko da sau ɗaya ne, ko da ƙarya ne. Na sunkuyar da kai na yi kukana a kan ƙafarta, ita kuwa ta ɗora hannu a kaina ta bar shi a nan.

Da na lafa ta tambaye ni ko na jiƙa waken. Na ce na manta. Ta ce to in ɗora ruwa, yau mu ma kunu za mu sha.